Yadda za ka gwada ka'idojin lufus da foldodin asibitinku

Ina shekara ta biyu a horon ƙwarewa aka kawo mana wata budurwa, mahaifiyarta na tallabe da ita. Wata huɗu ke nan zazzaɓi na zuwa yana tafiya. Yatsunta sun kumbura har zobe ya ƙi fita, gashin gaban goshinta ya kakkarye ya zube, fitsarinta sai kumfa kamar an kaɗa omo. An yi mata allurar maleriya sau uku, an ɗura mata maganin taifot, an kuma kai ta wajen mai ruƙiyya. Na zaro takardar ka'idojin lufus, cutar da garkuwa ke juya wa jiki baya, daga aljihun farar rigata na hau ƙirga: gaɓɓai ɗaya, ƙoda biyu, ƙarancin fararen ƙwayoyin jini uku. Gwajin ANA, na jini da ke nuna ko garkuwa ta juya wa jiki baya, ba a yi ba, uwar ta ce sai mahaifin yarinyar ya sayar da wake. Na je na sami malaminmu na ce, "Ranka ya daɗe, uku ta samu, saura ɗaya ta cika." Ya cire tabarau ya dube ni. "To ita magani ta zo nema, ko gurbi a bincikenka?"

A makon muka fara mata magani, bayan mun tabbatar ba tibi ba ce, ba kuma ƙanjamau ba.

Ka'idojin rarraba lufus ba don bakin gadon majinyaci aka ƙirƙiro su ba. An yi su ne saboda masu bincike, don idan likita a Kanada da likita a Jamus kowa ya ce ya gwada magani a kan masu lufus, a tabbata mutane iri ɗaya suke nufi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, kowannenmu yana leƙa su idan ya rasa tudun dafawa, musamman inda ƙwararren likitan gaɓɓai ɗaya ke riƙe da jiha sukutum. Tunda za mu leƙa, ya kamata mu san nawa suke kamawa, nawa suke zubarwa, a hannunmu da majinyatanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin ba ya buƙatar tallafin kowa. Foldodi ne, da takardar cikewa, da abokan aiki biyu ko uku, da haƙuri.

Mudu uku ne a kasuwa

Na farko na ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ne, ACR, wanda ya fito a 1982 aka yi masa kwaskwarima a 1997. Alamomi 11 ne, duk wanda ya tara 4 ya shiga, kuma kowace alama darajarta ɗaya: gyambon baki daidai yake da ciwon ƙoda. Shi ne a aljihuna ran nan. Babu zazzaɓi a cikinsa, babu zubar gashi.

Na biyu shi ne na 2012, na ƙungiyar cibiyoyin lufus ta ƙasa da ƙasa, SLICC. Alamomi 17, 11 na jiki, 6 na gwajin garkuwa. Nan ma 4 ake nema, amma dole a samu aƙalla ɗaya daga kowane ɓangare. Ya shigo da zubar gashi da raguwar sinadaran garkuwa C3 da C4, ya kuma buɗe wata gajeriyar hanya: idan an gutsuro tsokar ƙoda aka ga lufus ce, kuma ANA ko anti-dsDNA (wani gwajin garkuwa da ya fi keɓanta ga lufus) ya nuna, shi ke nan.

Na uku na 2019 ne, haɗin gwiwar ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, EULAR, da ACR. Shi ƙofa gare shi: sai ANA ya taɓa nunawa a 1:80 ko sama (wato ya nuna ko bayan an tsinka ruwan jinin ninki 80), ko da sau ɗaya ne a rayuwa, kafin a fara lissafi. Daga nan sai maki, daga 2 zuwa 10. Zazzaɓi 2, gyambon baki 2, zubar gashi 2, ƙarancin fararen ƙwayoyi 3, ƙarancin filatilet (ƙwayoyin da ke daskarar da jini) 4, jijjiga 5, ruwa a jakar huhu ko ta zuciya 5, gaɓɓai 6, kurjin fuska mai siffar malam-buɗe-littafi 6, anti-dsDNA ko anti-Sm 6, furotin a fitsari sama da giram 0.5 a awa 24 maki 4, tsokar ƙoda aji na 3 ko na 4 maki 10. A kowane rukuni mafi nauyi kaɗai ake ɗauka. Wanda ya kai 10, da alamar jiki aƙalla ɗaya, ya shiga.

Auna budurwar nan da su. A mudun 1997 ta tsaya a 3. A SLICC ta tara alamun jiki 4 cif, amma babu na garkuwa ko ɗaya, don haka tana waje. A na 2019 kuwa, zazzaɓi da gashi da gaɓɓai da fararen ƙwayoyi da furotin sun ba ta 17, amma ƙofa a rufe take saboda wake bai sayu ba. Duka ukun sun zubar da ita, kuma ba a kan cutar suka yi kuskure ba.

Kalma biyu za mu yi ta maimaitawa. Ƙarfin kamu: cikin masu lufus na gaske, kashi nawa ka'idar ta kama. Ƙarfin saki: cikin marasa ita, kashi nawa ta sallama. Lokacin da aka gwada ka'idar 2019 a kan mutum 1,270, kamunta kashi 96.1 cikin 100 ne, sakinta 93.4. A kan waɗannan mutanen dai, ta 1997 ta samu 82.8 da 93.4, SLICC ta samu 96.7 da 83.7. Alƙaluma masu kyau. Sai dai baƙar fata 68 ne kacal a cikin 1,270 ɗin, kuma an tattaro majinyatan ne a manyan cibiyoyi inda gwajin garkuwa ba abin sai-an-sayar-da-wake ba ne.

Su wa za ka zuba a rariyar

Kuskuren da na fi gani a takardun ƙannenmu shi ne a kwaso masu lufus da suka shekara biyar a kilinik, a haɗa su da ɗaliban jinya masu ƙoshin lafiya, a auna, a fito da kashi 99. Wannan ba gwaji ba ne. Ba wanda ke buƙatar ka'ida don ya bambance mai kumburarren jiki da yarinyar da ta zo aiki da ƙafarta. Ka'ida tana da amfani ne a inda biri ya yi kama da mutum.

Saboda haka ka yanke lokaci, a ce shekara uku ko biyar, ka ɗauki duk wanda aka turo ko aka kwantar ana zargin lufus, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Rajistar kilinik ita ce mafarinka, sai littafin kwantarwa na ɗakin mata, sai na masu ciwon ƙoda da na fata, sai littafin ɗakin gwaji inda ake rubuta duk wanda aka nema wa ANA. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne daraja, don a nan ne za ka tsinci waɗanda aka zarga daga baya ta bayyana wani abu ne daban: amosanin gaɓɓai na rumatoyid, ƙanjamau, tibin da ta bazu, sankarar jini ko ta kaluluwa, ciwon ƙoda daga cutar hanta nau'in B, sikila. Su ne za su gaya maka ƙarfin sakin ka'idar. Idan ba su a jerinka, rabin aikin kawai ka yi.

Kada ka manta da waɗanda suka rasu da waɗanda suka daina zuwa. Foldarsu ta fi wuyar samu, kuma yawanci su ne cutar ta fi yi wa kamun kazar kuku. Kafin ka taɓa folda ko ɗaya, ka karɓi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, kuma lamba za ka riƙa rubutawa, ba suna ba.

Alƙali

Lufus ba ta da gwaji ɗaya da zai raba gardama. Alƙalin da duniya ta yarda da shi hukuncin gogaggen likita ne, kuma da shi aka auna ka'idojin nan tun asali. Matsalar ita ce gogaggen likita ya haddace ka'idojin, yana duba folda yana ƙirga a zuci. Idan kai ne ka ba da maki, kai ne kuma ka yanke hukunci, an yi tuwona maina. Ba za ka iya kawar da wannan gaba ɗaya ba, amma za ka iya rage shi.

Ga yadda muka yi. Na rubuta taƙaitaccen labarin kowane majinyaci a shafi ɗaya: yadda ya zo, abin da aka gani, sakamakon gwaji, maganin da aka ba shi, da yadda ya kasance bayan shekara ɗaya ko fiye. Ban sa maki ba, ban sa sunan cutar da aka rubuta a bangon folda ba. Likitoci biyu suka karanta, kowa a ofishinsa, ba su tattauna ba. Inda suka saɓa, na uku ya raba. Wannan bibiya ta shekara guda ita ce ƙarfin alƙalinka, domin lokaci yana tona abin da ranar farko ta ɓoye: wadda ruwan huhunta ya ƙafe da maganin tibi kaɗai ta ba da amsa da kanta.

Ka ba alƙalan zaɓi uku: lufus ce, ba ita ba ce, ko har yanzu da shakka. Masu shakkar kada ka jefar da su don teburinka ya yi kyau. Ka faɗi yawansu, ka yi lissafi sau biyu, sau ɗaya ka sa su a nan, sau ɗaya a can. Ka kuma lissafa kaffa ta Kohen, ma'aunin jituwa, tsakanin alƙalan biyu. Idan su kansu ba sa jituwa, duk alƙaluman da za su biyo baya a kan yashi suke.

Ɗakin kati

Wanda bai taɓa wuni a ɗakin kati ba bai san bincike ba. Ƙura, foldar da gara ta ci gefenta, takardar gwaji da aka maƙala da allura ta yi tsatsa ta faɗi, mutum ɗaya da lamba biyu saboda ya ɓatar da katinsa ya yanki sabo. Ka girmama ma'aikatan wurin. "Malam, don Allah a taimaka mini da goma yau" ya fi takardar umarni daga sama aiki. Kuma sakamakon gwajin garkuwa sau da yawa ba ya cikin folda sam, yana gida a leda tare da rasit da kwalin magani. Na sha ce wa majinyaciya, "Hajiya, ranar da za ki dawo ki taho mini da ledar takardun nan gaba ɗaya, har wanda kike ganin ba shi da amfani." A cikin irin ledar nan na taɓa samun anti-dsDNA na shekara uku baya, an naɗe shi da takardar awon ciki.

Takardar cikewarka kuwa, a nan ne aikin zai yi kyau ko ya lalace. Kowace alama ka ba ta gida uku: akwai, babu, ba a duba ba. Gida biyu ba su isa ba. Folda da ba ta ambaci gyambon baki ba, ba ta ce babu shi ba. Gyambon lufus yawanci a ganɗa yake, ba ya zafi, sai wanda ya haska tocila zai gan shi. Haka kurji. A farar fata ja yake fitowa, a tamu sau da yawa duhu ne ko ɗan shuɗi-shuɗi, ga man bilicin ya dagula komai. Kusa da kowace alama ka rubuta ranar da aka fara ganinta, da ainihin adadin, ba "ya yi ƙasa" kawai ba. Dalili shi ne mudun ukun ba iyaka ɗaya suka sa ba. Ta 1997 tana son a ga fararen ƙwayoyi ƙasa da 4,000 sau biyu, SLICC sau ɗaya ya ishe ta. Ta 1997 tana karɓar tsinken fitsari idan ba a auna adadin furotin ba, ta 2019 adadi take nema. Zazzaɓin 2019 sai ya haura 38.3 a ma'auni, don haka "tana zazzaɓi" da aka ji daga bakin uwa ba ya cin maki. Idan ka kwashi ɗanyen adadi, kwamfuta za ta fitar maka da makin kowace ka'ida daga baya. Excel ya isa.

Alamar ta wace ce

Ka'idar 2019 ta zo da sharaɗi ɗaya da ya hau kan dukkan alamomi: kada a ƙirga alama idan akwai wani dalilin da ya fi lufus kama da gaskiya. A ƙasar da ba sauro, jimla ce da ake karantawa a wuce. A wajenmu ita ce rabin aikin.

Ɗauki mace mai zazzaɓi 39 da filatilet 80,000 a watan Agusta. Maki 6 ke nan a takarda. Maleriya tana yin duka biyun, tana kuma fasa jajayen ƙwayoyi. Idan an ga ƙwayar maleriya, aka yi magani, filatilet ya dawo daidai cikin mako biyu, ba ta da ko ɗaya. Idan maleriyar ta tafi filatilet ya zauna a ƙasa, labari ya canja. Ruwa a jakar huhu ko ta zuciya maki 5 ne, rabin hanya, kuma a nan tibi ce ke kan gaba har sai an wanke ta. Mai sikila tana da ciwon gaɓɓai da fashewar jini da furotin a fitsari tun kafin a yi zancen lufus, kuma ana iya samun biyun a jiki ɗaya, wanda shi ke sa a makara. Jijjiga a mai tsohon ciki da hawan jini ba ta lufus ba ce sai da hujja. Zubar gashi a gefen goshi ga macen da ke ɗaure kitso tamau shekara da shekaru, kitson ne. Sannan magunguna: haidiralazin da aisoniyazid suna iya haddasa ciwo mai kama da lufus, metildofa tana sa gwajin Kumbs (na neman garkuwar da ke fasa jajayen ƙwayoyi) ya nuna, kuma dukkansu muna rubuta su kullum, biyu ga masu ciki, ɗaya ga masu tibi.

Wanda ya fi ba ni ciwon kai fararen ƙwayoyi ne. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyinsu, kuma masu wannan halitta adadin niyutirofil ɗinsu, wani kashi na fararen ƙwayoyi, yakan zauna ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Ke nan lafiyayyar Bahaushiya za ta iya fitowa da 3,800, ka'ida ta miƙa mata maki 3 kyauta. Ka nemi tsohon gwajinta na kafin ciwo idan akwai, ka duba wane kashi ne ya ragu. Idan limfosait ne suka faɗi, wannan ya fi kama da lufus.

Shawarata ita ce ka yi wa kowace alama gida na huɗu: "wani dalili", da sunan dalilin. Sai ka lissafa maki sau biyu, ɗaya da tacewa ɗaya babu. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ta nuna maka abin da ke faruwa idan ƙaramin likita ya buɗe manhajar waya yana danna alamomi ba tare da tambayar ta wace ce ba. A ganina wannan tazarar ta fi kowane adadi amfani ga asibiti irin namu. Amma mai tacewar kada ya san hukuncin alƙalai. Idan ya sani, duk wadda aka ce lufus ce zai jingina mata alamominta, wadda aka ce ba ita ba ce ya zare, ka'ida ta fito fes ba da ƙoƙarinta ba.

Akwai kuma ɓatan alama. Da yawa ba sa isowa wajenmu sai sun sha magungunan danne kumburi irin su firedinisolon ko dekisa daga kemis, wasu don gaɓɓai, wasu don ƙiba. Kumburi ya lafa, zazzaɓi ya kwanta, ka duba ka ga wayam. Ka sa wa wannan ma gida a takardarka.

ANA da gidajen da ba a cike ba

A 1968 Brian Greenwood, yana aiki a Ibadan, ya rubuta cewa cututtukan da garkuwa ke juya wa jiki baya ba su da yawa a 'yan Najeriya, ya kawo tunanin ko maleriya na da hannu. Tunani ne mai ma'ana a zamaninsa, amma ya bar mana gado: an daɗe ana koyar da cewa lufus baƙuwa ce a nan. Abin da ba ka zarga ba kuwa ba ka nema masa gwaji.

Idan ka samu ANA a folda, tambaya biyu. Ta wace hanya aka yi, kuma nawa ne adadin? Ka'idar 2019 a kan gwajin haske na ƙwayoyin HEp-2 aka gina ta, ko wani gwaji da ya yi daidai da shi. Takardu da yawa da ke zuwa mana "ya nuna" ko "bai nuna ba" kawai ke jiki, an yi da wata hanya daban mai suna ELISA, ba sunan kamfani ba adadi. Ka rubuta hanyar, ka ware lissafinsu. Kuma nunawar ANA ba hukunci ba ce: a wani sanannen bincike na 1997, kusan kashi 13 cikin 100 na lafiyayyu sun nuna a 1:80, kusan kashi 5 a 1:160. Cututtuka masu daɗewa irin tibi su ma suna iya tayar da shi.

Waɗanda ba a yi musu ba fa? Hanya mafi sauƙi ita ce a cire su, kuma ita ce mafi yaudara. Su wa ke iya biyan kuɗin gwajin da wani lokaci sai an tura jini Legas? Masu hali, da waɗanda jikinsu ya yi tsanani har dangi suka yi karo-karo. Idan su kaɗai ka auna, ka auna wasu mutane ne daban da waɗanda ke zaune a bencin kilinik. Ka kawo lissafi uku gefe da gefe: na masu cikakken gwaji kaɗai, na kowa da kowa a ɗauka duk gwajin da ba a yi ba bai nuna ba, da na kowa da kowa a ɗauka ya nuna. Na farko yana gaya maka ingancin ka'idar. Na biyu yana gaya maka abin da take yi a asibitinku yau. Tambayoyi ne daban, kada ka gauraya su a jimla ɗaya.

Lissafin

Shi ne mafi sauƙi. Tebur mai gida huɗu ga kowace ka'ida. A ƙaddara alƙalai sun ce 50 na da lufus, 100 ba su da ita. Ka'ida ta kama 45 daga 50, ta saki 88 daga 100. Kamu kashi 90, saki kashi 88. Amma kada ka tsaya nan. Da mutum 50, kowane mutum ɗaya kashi 2 ne, kuma iyakar amincewa ta kashi 95 a hanyar Wilson, wato tazarar da ake sa ran ainihin adadin na ciki, tana kamawa daga kusan 79 zuwa 96. Na sakin daga 80 zuwa 93. Idan wata ka'idar ta kama 47 ba 45 ba, kada ka yi shelar ta fi. Tunda mutane ɗaya ne aka auna da mudu biyu, gwajin McNemar ne ya dace, kuma shi waɗanda mudun biyu suka saɓa a kansu kaɗai yake dubawa.

Sai abin da likita ke son sani a gaban majinyaci: idan ka'ida ta ce lufus ce, nawa zan yarda? Wannan ya danganta da inda kake zaune. Ɗauki kamu 96 da saki 93. A kilinik ɗin gaɓɓai inda rabin mutum 1,000 da aka zarga suna da ita, za ta kama 480 na gaske da 35 na ƙarya, wato cikin 100 da ta kama 93 daidai ne. Kai ta ɗakin ganin likita na kowa da kowa, a ce 10 ne kacal cikin 1,000 ke da ita: za ta kama kusan 10 na gaske da kusan 69 na ƙarya. Ka'ida ɗaya, amma a nan cikin takwas da ta nuna ɗaya ne kawai mai cutar. Don haka ka faɗi a fili wane benci ka auna. Wajen rubutawa, jerin STARD na 2015, jagoran rubuta rahoton irin wannan bincike, zai tuna maka abin da ka manta.

Bayan an gama tebur, ka koma ka zauna da foldodin da ka'ida da alƙalai suka saɓa, ɗaya bayan ɗaya, da biro a hannu. Me ya hana wannan shiga: cutar ce ta zo a wata siga, kamar fashewar jini kaɗai ko ƙoda kaɗai, ko kuwa gwaji ne ba a yi ba? Me ya shigar da waccan: ANA da gaɓɓai ne a mai rumatoyid, wanda idan ba a tace ba ya ba ta 6 nan take? Awa biyu a kan waɗannan foldodi sun koya mini abin da tebur bai koya mini ba.

Saura ranar awo. Dukkan ka'idojin tarawa suke yi, alamar bara tana haɗuwa da ta bana. Wadda ta shekara biyar ana bin ta kusan dole ta cika, don haka idan a ziyarar ƙarshe ka auna, kowace ka'ida za ta yi kyau. Mu kuwa a ranar farko muke neman taimako. Ka auna sau biyu, a ziyarar farko da ta ƙarshe, kuma ranakun da ka rubuta kusa da kowace alama su ne za su ba ka damar yin haka.

Budurwar nan tana cikin jerina. Wake ya sayu bayan wata biyu, sakamako ya dawo, ANA ya nuna da ƙarfi, anti-dsDNA ma haka. A layin ziyarar ƙarshe, ta 1997 ta ba ta 5, SLICC ta ba ta 6, ta 2019 ta ba ta 23, duka sun kama ta. A layin ziyarar farko, duka ukun sun zubar da ita, kuma a gidan dalili na rubuta "ba a duba ba".